Zauren Mai Gyara: Ɗan batirin da ke cin tsohuwar kwamfuta ta ciki

Wasiƙu huɗu na wannan watan duk sun faɗo kan abu ɗaya, don haka na haɗa su wuri guda. Masu tambayar waya da inbata su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Mai Gyara. Ni malamar firamare ce a Gyallesu. Mahaifinmu ya koyar a Kongo, nan Zariya, shekaru masu yawa, ya rasu ya bar wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, Toshiba Satellite, mai kauri kamar ƙamus, mai Windows 95. A ciki ya rubuta tarihin gidanmu da wasu waƙoƙinsa da ba a taɓa bugawa ba. Tun rasuwarsa tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Hajiya. Da Sallar da ta wuce ƙanena ya jona ta, ta kama, amma sai ta tsaya kan baƙin allo da wani rubutun Turanci mai RTC a ciki, wai a danna F1. In an danna tana shiga, sai dai kwanan wata ya koma baya can, kuma haruffa uku ba sa aiki. Wani yaro ya ce batirin agogo ne, a sayo irin na rimot ɗin mota a sa. Mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makoma. 'Yata, kada ku sayi komai tukuna, kuma ki ce wa ƙanenki ya daina jona ta. Yaron nan bai yi ƙarya ba, batirin agogo ne ya mutu. Amma ni ba maganar F1 ce ta hana ni sukuni da na karanta wasiƙarki ba, haruffa ukun nan ne da suka daina aiki.

Kowa ya san babban batirin da ake zarewa a gefe ko a ƙasa. Abin da mutane ba su sani ba, akwai ƙanana a cikin cikinta. RTC da kika gani agogo ne da ke tafiya ko kwamfuta tana kashe. Wani ɗan ƙanƙanen dutse ne ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, irin wanda ke cikin agogon hannu. Kusa da shi akwai 'yar ma'ajiya da ke riƙe kwanan wata da bayanin kayan da ke jikin na'urar. Tun 1984, da kamfanin IBM ya fito da PC/AT, ake tafiya kan wannan tsari. A yawancin kwamfutocin yau abin da ke ciyar da agogon shi ne wanda yaron yake nufi, CR2032, mai kama da kwabo: bolt 3, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, sunan ma daga nan ya fito. Wannan ba a yi masa caji, in ya ƙare ya ƙare, kuma ba kasafai yake zubar da komai ba.

Ta Malam ba haka take ba. Toshiba na tsakiyar shekarun 1990 da yawa batura biyu suke da su a ɓoye, masu caji, an naɗe su da koriyar leda, kamar an jera maɓallan riga an ɗaure. Ɗaya ƙwaya uku ne, kowace bolt 1.2, ya ba da 3.6, shi ne na agogo. Ɗayan ƙwaya shida, bolt 7.2, aikinsa ya riƙe abin da mutum ke yi na ɗan lokaci idan kwamfutar tana barci aka zare babban batir don a sa wani. Irin su ake kira NiMH, waɗanda suka girme su kuma NiCd. An yi su ne don su yi 'yan shekaru a canza. Na cikin akwatin Hajiya yanzu suna neman shekara talatin.

In irin wannan batir ya tsufa, yoyo yake yi. Ruwan cikinsa ɗan'uwan sodar nan ce da mata ke haɗa sabulu da ita, kin kuwa san abin da soda ke yi wa hannu. Ba kwarara yake yi ba balle a gani. Yana tsatsafowa a hankali, ya bushe ya zama farin gari kamar kanwa, ya shiga cikin waya ta ƙarƙashin robarta, ya bi ta har inda aka jona ta da babban allon ciki, wanda mu muke kira bod. A kan bod akwai hanyoyin tagulla sirara kamar gashi. Su yake ci, su koma kore kamar tsohon kwabon da aka tono a kango. Ga zafin Maris da Afrilu na Zariya yana dafa shi cikin akwatin ƙarfe, ga laimar Agusta tana ba shi ƙafa. Baturan nan kuwa galibi ƙarƙashin madannai suke zaune, ko ƙarƙashin inda ake ɗora tafin hannu, kusa da inda wayar madannan take shiga. Haruffa uku suna iya mutuwa don ƙura ko tsufa, ban musa ba. Amma na ga wannan alama sau da yawa, kuma ba ta cika yi mini ƙarya ba.

Na taɓa yin asarar ɗaya da hannuna, shi ya sa nake zafi kan maganar. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga Tudun Wada, ya kawo mini tasa, lafiyarta ƙalau, agogo kawai ke ɓata. Ya ce ba sauri yake yi ba, zai tafi wajen 'yarsa ya daɗe. Na naɗe ta a leda na ɗora kan kanta ta sama, na ce gobe. Damina biyu ta yi a wurin. Ran da na buɗe, na ɗaga madannai, sai ga kore ya malale faɗin tafin hannu, wayar batirin da na taɓa ta gutsure kamar dafaffiyar taliya, ƙafafun wani ɗan guntun sashe guda takwas sun zube na share su da buroshi. Na san da baturan tun ranar da ya kawo ta. Minti goma ya ishe ni in cire su. Allah ya taimake ni rumbun ajiyarta bai taɓu ba, na kwashe masa rubuce-rubucensa, amma na'urar sai kayan gyara aka yi da ita. Da ya zo bai ce mini komai ba sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri", wanda ya fi zagi ciwo.

To ga yadda za ku yi, kuma kada a sa na biyu gaban na farko.

Rubutun Malam shi ne dukiyar, kwamfutar kwano ce kawai. Rubutun yana cikin rumbun ajiya, had-dis, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Na wancan zamani irin da ake kira IDE ne, mai ƙafafu 44. Akwai adafta da ke haɗa shi da kwamfutar zamani ta kafar USB. Ki tambaya a shagunan unguwar PZ nan Zariya, in ba a samu ba 'yan Beirut Road a Kano ba sa rasa shi. A zare rumbun, a kwafe komai a filash, a sake kwafewa a wani wuri na biyu. Ki tsaya a kan mai aikin, ko ki sa ƙanenki ya tsaya, kuma ki faɗa masa da babbar murya tun kafin ya taɓa: ba a ce ya yi fomatin ba, ba a ce ya sa sabon Windows ba. Yaran yanzu hannunsu ya saba, kafin ki waiga sun goge.

Wani abu da kusan kowa ke mantawa: a kwafo jakar Fonts da ke cikin jakar Windows. Malaman da suka yi rubutun Hausa a wancan lokaci da haruffa na musamman suka yi, irin su Rabi'at, don su sami ƙ da ɗ da ɓ. In kika buɗe takardar a sabuwar kwamfuta babu harafin, duk inda Malam ya rubuta "ƙasa" ko "ɗa" sai ki ga wasu baka-baka da sanduna sun tsaya a madadin masu lanƙwasa. Kada ki ɗauka rubutun ya lalace. A sa tsohon harafin, sai komai ya dawo. In kuma Word na yanzu ya ƙi buɗe tsoffin takardun, LibreOffice kyauta ne, yana buɗe na tsohon Word har da na WordPerfect.

Sai an gama wannan za a shiga farautar baturan. A cire caja, a zare babban batir. Robar jikin waɗannan na'urori ta bushe kamar tsohuwar ƙwarya, in aka ɓanɓare da ƙarfi tsagewa take yi, don haka duk inda ya ƙi buɗuwa akwai sukurun da ba a kwance ba, a nema. Ni kiret ɗin ƙwai nake ajiyewa a gefe, kowane rami da sukurorin wuri ɗaya, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere sai ya huda bod. A riƙa ɗaukar hoto da waya kafin a zare kowace waya. Madannai in sun ɗago kada a fizge, akwai 'yar siririyar waya mai faɗi kamar zirin leda a ƙarƙashi.

In an ga korayen, a zare su daga soket ɗinsu. In soket ɗin ya ci har ya manne, a yanke wayar, amma ɗaya bayan ɗaya, kada almakashi ya haɗa ja da baƙa lokaci guda. A sa safar hannu, kuma kada a hura garin da baki, ido yake nema. Tunda abin ɗan gidan soda ne, tsami ke kashe shi: farin ruwan khal, a tsoma audugar goge kunne a riƙa dangwalawa inda ya yi fari ko kore. Za a ga yana 'yar kumfa, aikin ke nan. In kumfa ta tsaya sai a bi da sipirit da tsohon buroshin goge baki a wanke khal ɗin tas, don shi ma in ya kwana yana cin tagulla. A bar shi ya sha iska a inuwa yini guda, ba a rana ba. Daga nan mai gyara ya bi hanyoyin da mita ɗaya-ɗaya, wadda ta yanke ya ɗinke ta da siririyar waya. In da rabo, nan haruffanki uku za su dawo.

Maganar sabon batir, wadda da ita kika fara, ita ce mafi sauƙi. Mai bolt 7.2 ɗin a bar gurbinsa haka nan, ba wanda zai yi kewarsa. A shiga saitin na'urar a mai da yadda take tashi daga Resume zuwa Boot, shi ke nan. Na agogon kuwa, a nemi irinsa: NiMH mai ƙwaya uku, bolt 3.6. Batirin wayar tebur mara igiya yana yi in ya sami wurin zama. Za a so a yi amfani da tsohon kan soket, to a fere wayarsa a duba: in tagullar tana ƙyalli a yi, in ta yi baƙi ko kore cutar tana ciki, a yar. A auna da mita a tabbatar da wace ƙafa ce mai wuta, kada a dogara da launin waya kawai. Kuma in mai shago ya ɗauko miki wani a ledarsa ya ce na asali ne ba a taɓa buɗewa ba, ki ce kin gode. Wanda aka yi tare da kwamfutar sa'anta ne, ko a leda yake ya tsufa. Bayan an sa, a bar ta a kunne yini ɗaya ko biyu gwargwadon yadda wuta ta samu, domin wasu Toshiba ba sa yi wa batirin agogo caji sai suna kunne.

Ra'ayina dai, in kwamfutar akwatin Hajiya za ta koma, a riƙa fito da ita shekara-shekara don tunawa da Malam, kada a sa mata kowane batir. Danna F1 da gyara kwanan wata bai kai minti ɗaya ba. Sabon da za a sa yau shi ma wata rana zai yi yoyo, lokacin kuwa ba lallai a sami wanda ya tuna yana ciki ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. Na sayi tsohuwar laftof a gwanjo don buga aikin makaranta. Kullum kwanan wata yana ɓata, intanet ma ta ƙi buɗe shafuka. Na buɗe na ga ɗan batir an rubuta ML1220. Na sami CR1220 a wajen mai agogo, girmansu ɗaya, na liƙa masa wayoyin da dalma. Ya yi aiki, amma bayan mako biyu na ga ya kumbura. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Ɗana, mai agogo ba shi da laifi. Cire shi yau, kafin ka gama karanta mujallar nan.

Lambobin girma suke faɗa, 1220 na nufin faɗin milimita 12 da ɗoriya, kauri 2. Haruffan farko su ne ke faɗin hali. CR ba ya karɓar caji. ML da VL suna karɓa, su ma bolt 3 ne. Tunda ka tarar da ML, kwamfutarka tana tura wuta cikin batirin duk lokacin da take jone, kai kuma ka sa mata wanda ba shi da inda zai kai wutar. Ɗure ake yi masa, shi ya sa ya kumbura, kuma yana iya fashewa. Akwai na uku da zai iya ruɗa ka a kasuwa, LIR: yana caji, amma bolt 3.6 ne, kuma sai da 4.2 yake cika, ba gidansu ɗaya da ML ba. ML ka cire, ML za ka mayar.

In ka rasa shi sam, akwai dabarar da muke yi. Ana sa dayod a kan jar waya, tsakanin batir da bod. Dayod ƙofa ce mai buɗewa gefe guda: wutar batir ta fita, ta caji ba ta shigo ba. Gefen da ke da zobe shi ke kallon bod. Sai dai ƙofar tana karɓar kuɗin shiga. 1N4148 da ke ko'ina a shagunan masu rediyo yana cin wajen bolt 0.6, irin su BAT85 ko 1N5817 kuwa abin da suke ci bai wuce 0.3 ba, don haka su na fi so, tunda bolt 3 ɗin ba yawa gare shi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka shi ne dalmar. Ba a ɗora ƙarfe mai zafi a jikin batirin kwabo. Wani yarona ya taɓa gwadawa ina sallar La'asar, na dawo na tarar da shi a bakin ƙofa yana rawar jiki, murfin batirin ya tashi ya bugi silin. A kamfani da walda ta ƙiftawar ido ake manna masa kunnuwa. Ka sayi mai kunnuwa ko mai waya, ko ka sayi gidansa ka yi dalmarka a ƙafafun gidan, sannan ka zura batirin.

Shafukan da suka ƙi buɗuwa kuwa, agogon ne. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai kwanan wata, in kwamfutarka tana ganin ana shekara ashirin baya sai ta ce takardar ba ta inganta ba.

Tambaya: Daga Kano nake rubutowa. Ina da IBM ThinkPad 600 da nake ajiye lissafin shago a ciki tun tuni. Yanzu in na kunna sai ta nuna 161 da 163 ta tsaya. Mai gyara ya ce bod ya tafi, in sayi wata. Ku Zagezagi da kuke da jami'a me kuka gani?

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, yau Bakano ne da kansa yake neman shawarar da za ta hana shi kashe kuɗi a wurin Bazazzagi, to mun karɓa. Bod ɗinka lafiya lau. A yaren ThinkPad 161 na nufin batirin agogo ya mutu, 163 na nufin ba a saita kwanan wata ba. Kai ka yi sa'a, naka ba mai caji ba ne: CR2025 ne mai 'yar waya, a naɗe, yana ƙarƙashin murfin da ke bayanta inda ake ƙara mata ƙwaƙwalwa. A sa sabo, a saita rana da lokaci a allon da za ta nuna, a kashe a kunna. Amma in kana da yayarta, 'yar gidan 760, ita tana da koren mai cajin nan, sai ka karanta amsar da na ba malamar Gyallesu tun daga farko. Lissafin shagon kuma a kwafe shi a filash, IBM ma tun 2005 ta sayar wa Lenovo wannan sana'a.

Tambaya: Maigidana mai gyara ne a Sabon Gari, yana dawowa da matattun batura a aljihu, yara suna wasa da su kamar kuɗi. Na ce zan zuba su a murhu ya hana. Ya zan yi da su?

Amsa: Ya yi daidai da ya hana, ya yi kuskure da yake kawo su gida. A wuta fashewa suke yi, kuma masu rubutun NiCd suna ɗauke da wani ƙarfe mai guba, kadmiyam, wanda ke lalata ƙoda, hayaƙinsa ba abin shaƙa ba ne. Kada kuma a jefa a masai ko kusa da rijiya.

Masu kama da kwabon su ne abin tsoro ga yara, ko da sun mutu a wurin kwamfuta da sauran wuta a jikinsu. In yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Ba a jira a ga ko zai fito, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa nan take, a gaya wa likita batir ne, in akwai irinsa a tafi da shi a nuna.

Ni a shago kwalba ce da ni mai murfi. Kowane batir na cire sai na naɗe shi da salatif gaba da baya don kada su haɗu su yi zafi, in jefa ciki, kwalbar kuma tana kanta ta sama, daidai gurbin da kwamfutar dattijon nan ta zauna. Ki samo wa maigidan irinta ya kai shago, ki kuma riƙa lalube aljihunsa kafin ya zauna cin tuwo.